Musayar Waƙa: Shirwa da Gaggafa

Uwar Kaji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa,
Yau ni ƙara nake kawowa.
Tsako na uku ke nan tun jiya,
Shirwa na zuwa tana surewa.
Ku masu kare tsuntsaye ku gaya mini,
Har ɓarauniyar nan kuke karewa?

Ɗan Gandu:
Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri,
Shirwa kam ba ta cikin damuwa.
Kwata da juji su ne gonarta,
In an cinna wa daji wuta tana zuwa,
Ta bi hayaƙi tana cafkar fara,
Ƙwai biyu ko uku take sakawa.
Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta auna yawanta,
Ta ce ba a tsoron ta ƙarewa.
Ni 'yar'uwarta nake wa kuka,
Gaggafa, ita ce ke ɓacewa.

Baba Mafarauci:
Ɗana ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Muna yara kullum tana giftawa.
Jar fuska, jar ƙafa, guntuwar wutsiya,
Fiffike a miƙe, ba ta ko kaɗawa,
Sai rangaji dama da hagu a sama,
Kamar mai tallan nono tana yanga da rausayawa.
Yau in jikana ya ce a nuna masa,
Sai Yankari ko gandun dajin W na Nijar za mu nufa da dubawa.

Ɗan Gandu:
Haka ne Baba, a shekarar 2020
Aka sa ta sahun masu haɗarin ƙarewa.
Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa,
Kusan wata biyu kafin ƙyanƙyashewa.
Ɗan kuma sai ya kai shekara 7
Kafin gashinsa ya zama irin na uwa.
Takan riga ungulu ganin mushe,
In an barbaɗa guba don kura, ita ke faɗawa.
Manyan itatuwa sun tafi gawayi,
Ina za ta yi sheƙa ta samu sakewa?
Kai da fiffike kuma, je rumfar 'yan magani,
Ka ga yadda ake shanyawa.

Uwar Kaji:
Malam na ji, gaggafa ta ban tausayi,
Ba ta taɓa cin tsakona ba kuwa.
Gobe zan kife su a akurki,
Shirwa ta nufi kwata, can akwai ƙasusuwa.