Siga ta 2.0: mu karya tsohon API (hanyar da kod ɗin wasu ke amfani da laburaren mu) ko mu bar shi?

dan_kod: Salam ƴan uwa, muna shirin sakin siga ta 2.0 ta laburaren mu (tarin kod da wasu ke amfani da shi a manhajojinsu), akwai tsofaffin fankshin (guntayen kod da ake kira su yi wani aiki) da suka zame mana ƙarfen ƙafa, amma in mun cire su kod ɗin mutane zai daina aiki. Yaushe ya kamata a karya?

hajiya_dev: Wslm. In dai SemVer (tsarin ba wa sigogin manhaja lamba) kuke bi to 2.0 ce wurin karyawa, amma kar ku yi wa mutane ba-zata, ku fara sakin 1.9 mai gargaɗi duk lokacin da aka kira tsohon fankshin, a gaya wa mutum sabon da zai koma.

mai_linux: Ka duba yaren rubuta kod na Python malam, sun fitar da 3.0 a 2008, hatta print (umarnin nuna rubutu) sai da suka canza, mutane suka ƙi tashi daga Python 2 har sai da aka daina tallafa mata a farkon 2020. Tsohon fankshin da zai buɗe ƙofar matsalar tsaro kam a cire, wanda sunansa ne kawai bai yi muku ba ku haƙura da shi.

dan_kod: Na gode, to tsofaffin sigogin 1.x ɗin har yaushe zamu ci gaba da gyara su?

hajiya_dev: Gyaran tsaro kawai, ku sa ranar dainawa ku sanar tun yanzu.