"Sai an gwada akan san na ƙwarai": wa ke da gaskiya, magini ko mai zane?

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum. Ƙanena da ya karanci zanen gine-gine ya yi sa-in-sa da tsohon maginin da ke yi mana zaure, saboda dattijon ya rage faɗin ɗakin bayan ya taka ƙasar ya duba azarar da aka kawo. Yaron ya ce abin da aka zana a kwamfuta ba a taɓa shi, dattijon kuwa ya ce, "Sai an gwada akan san na ƙwarai." Shin a nan maganar ta dace?

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. A ganina mutane ake nufi da ita, wato amana da jarumta, ba yumɓu ba. Amma dattijon bai kauce ba, domin azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan ƙarancin ne ya sa magina suka riƙa jera ta guntu-guntu har bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, ya fito. Wanda ya shiga Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, ya ga inda itacen giginya ya kai tunanin magini.

Jikar Inna: Malam, ni dai a bakin kakata na fara jin ta, Allah ya jiƙanta, kuma a kan daɓe take faɗa. Ba ta yarda da madaɓin kasuwa ba. Sai ta tsaya a kan masassaƙi yana fere mata tana ɗagawa tana jin nauyinsa a hannu, har sai maƙamar ta zauna mata. Idan an kira ta daɓen ɗakin amarya, ba ta bari a tara mata a ranar. Takan daɓe ɗan wuri a bayan ƙofa, ta yayyafa ruwan makuba, ta tafi gida. Washegari ta dawo ta durƙusa, ta shafa da tafin hannu, ta karce da farce, ta yi shiru mai tsawo. Idan ya tsage sai ta sa a ƙara tsakuwa ko a sauya kududdufin da aka ɗebo ƙasar, ko da dangin ango suna ƙunƙuni.

Ɗan Tudu: Allah ya rahamshe ta, Hajiya. To ai ƙanena zai ce shi ma gwajinsa ke nan, sai dai a kan allon kwamfuta yake yi.

Bakonni: Gwaji ne, amma allo ba ya tsagewa ya nuna maka aibinka. A Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallaci a 1962, ya dawo masa a 1975 ya sake rufin ya ƙara hasumiyoyi, sannan ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Malamin Makaranta: Ina ma masu ba da kwangilar azuzuwan da ke rushewa a daminar farko suna sauraro. Su gwajinsu a kan 'ya'yan talakawa suke yi.

Jikar Inna: Allah ya shirye su. Amma Ɗan Tudu, shin ƙanen naka ya taɓa cura tubali da hannunsa kuwa?