Sanya wa ƙaramar akori-kura manyan tayoyi

A hirar da muka yi da direbobi da kanikawa, kusan kowa ya yarda cewa babbar taya tana ɗaga cikin mota, ta taimaka a hanyar yashi da ramuka. Sai dai shawara ta farko ita ce a auna tukuna. A murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu, a leƙa ko tayar na gogar fenda. A kuma gwada da kaya a baya, don nauyi kan zaunar da mota, sai ka ji taya tana kartar jiki a kan gargada.

Wani bakanike ya yi lissafi: idan aka sauya taya mai lambar girma 205R16 zuwa mai 265/70R16, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin ɗari. Shi ya sa allurar da ke auna gudun mota tana nuna 100 alhali kana gudun kusan 106. Mota takan yi nawa wajen tashi, ta ƙara shan mai, birki ma ya ƙara wahala. Wannan na birkin shi ya fi damuna, musamman ga masu lodin buhuna.

A zaɓi taya mai alamar C ko LT, wadda aka yi don kaya. Safaya ma a sauya ta, girmansu ya zama ɗaya.