Musayar Waƙa: Wace Gunduma Ta Fi Faɗi a Tsohuwar Ingila?

Malam Mai Alƙalami:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Ga tambaya na ajiye, a zo a warware ta.
Tsoffin gundumomin Ingila 39 ne,
Wacce ta fi faɗi in an auna ƙasarta?

Hajiya Uwar Zaure:
Malam, Yokshiya ce, babu mai ja da ita,
Murabba'in mil kusan 6,000 ne a cikinta.
Don girma aka kasa ta gida uku,
Arewa, Gabas da Yamma, kowace da hukumarta.
Kason Yamma kaɗai ya ɗara Linkonshiya,
Alhali Linkonshiya ce ta biyu, Yokshiya kaɗai ta fi ta.
Mayaƙan Viking na arewacin Turai sun ci birnin Yok a 866,
Daga daularsu ta gaji wannan faɗin nata.

Ɗan Auta:
Hajiya, a yi mini afuwa, zan tsoma baki,
Linkonshiya ma sai an jinjina mata.
Kudancinta fadama ce, ruwa ya kwanta,
Aka haƙa magudanai har aka busar da ita.
Yau dankali da kabeji ke fita daga nan,
Gumin manoma ne ya ƙara mata daraja da gonakinta.
Debon na uku, tazarar ba ta da yawa,
Teku biyu ke wanke gaɓarta.

Hajiya Uwar Zaure:
Ƙanena, na yarda da batun gumi,
Amma awo aka tambaya, kuma na ba da amsarta.

Malam Mai Alƙalami:
Kun bi manya, ni zuciyata na ga ƙarama,
Rutlan, murabba'in mil wajen 150 ne iyakarta.
A jera irinta arba'in kafin a cika Yokshiya,
Okam ne garin da ke riƙe da ragamarta.
A 1974 aka cusa ta cikin Lestashiya,
Mutanenta suka ƙi, suka yi ta neman 'yancinta.
Ba su gaji ba har 1997,
Aka mayar musu da majalisarta.

Ɗan Auta:
Malam, ka tuna mini da Midilses,
Ta fi Rutlan faɗi, amma Landan ta haɗiye ta.
A 1965 aka rushe majalisarta,
Amma ƙungiyar wasan kurket na yawo da sunanta.
Hajiya, saura ta huɗu da ta biyar,
Nofok da Notambalan, a ba mu baitinsu da hujjarta.