Muhawara a zauren unguwa: mai sayar da guba ne ke tallar makarinta?

Alhaji Bello: Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya wani yaro a layinmu nan Mabera ya sha ƙwaya har numfashi ya nemi ɗaukewa, Allah dai ya yi da sauran kwana. Tun ran nan nake jin wasu na cewa a kawo wani magani wai shi naloxone, mai farfaɗo da wanda ƙwaya irin su tiramol ta sumar, a baza a kemis-kemis. Ni dai na ce kasuwanci ne. Waɗanda sunka kawo cutar su ne ke son sayar muna da makarin. Kuma ranar da yaro ya san akwai abin da zai tashe shi in ya faɗi, ranar zai ninka abin da yake haɗiya.

Dahiru Kemis: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganarka ta farko akwai ƙamshin gaskiya. Kamfanin Purdue Pharma na Amurka ya fito da ƙwayar kashe ciwo OxyContin a 1996 yana gaya wa likitoci ba ya kama mutum sosai. Ya amsa laifi a kotu a 2007, ya sake amsawa a 2020. Daga baya kamfanin nan ya fito da nasa makarin, allurar nalmefene. Wani kuma, Kaléo, ya ɗaga kuɗin allurarsa ta naloxone, Evzio, daga dala 690 zuwa dala 4,500 a 2016, lokacin ana ta kwasar gawa.

Alhaji Bello: To kun ji! Mi ya rage kuma?

Dahiru Kemis: Ban kai aya ba, ranka shi daɗe. Naloxone tsohon magani ne, tun 1971 anka amince da shi a Amurka, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa, kowane kamfani na iya yi. Ruwan maganin ba shi da tsada. Inda ake tatsar mutane shi ne mazubin: robar fesawa a hanci, da allura mai danna kanta. Narcan na fesawa da anka yarda a sayar ba takardar likita a 2023, guda biyu kusan dala 45 ne. Ka juya shi zuwa naira ka gani ko ɗan kabu-kabu zai saya.

Anti Hadiza Nas: Ku kuna can Amurka, ni bari in dawo da ku gida. Wani dare ina aiki, ba zan faɗi asibitin ba, anka shigo da saurayi a sume, leɓɓansa sun yi baƙi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, numfashi sai can ba a rasa ba. 'Yan uwansa sun riga sun kwara mai ruwa, sun ɗura mai madara har ta bi hanyar iska. Na buɗe akwatin gaggawa, ko kwalba ɗaya babu. Munka tura yayansa ya zagaye kemis-kemis, mu kuma muna matsa mai jakar iska da hannu, muna karɓa-karɓa har gari ya waye. Alhaji, wa ke neman sayar muna da wani abu? Da ma an zo tallar, da na fi kowa murna.

Murtala: Baba Alhaji, a yi min afuwa. Na zauna da yaran nan a tasha da bakin kasuwa. Ba wanda ke ɓare tiramol yana lissafin makari, lissafinsa ya yi dako ko ya kwana kan mashin bai ji gajiya ba. Yawancinsu ko sunan maganin ba su taɓa ji ba, kuma hakan bai hana su sha ba.

Anti Hadiza Nas: Kuma ba daɗi gare shi ba. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya in an yi mai allurar, da amai da zufa da ciwon gaɓoɓi yake farkawa, wani har da zagi. Ba abin da mutum zai yi marmari ba ne.

Alhaji Bello: Hadiza, na ji naki. Amma a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Rahoton binciken 2018 ya ce mutum miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba a Najeriya. Ga tiramol mai lamba 225 nan ana sayarwa kamar alewa, alhali 50 da 100 NAFDAC ta yarda da su. A toshe ƙofa mana, a ƙarfafa NDLEA, a sa ido kan iyakar Illela, wanda ya kamu a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ana barin jaki ana dukan taiki.

Malam Shehu: Alhaji, wanda za a kai Kware sai yana da rai. Malamai sun ce in larura biyu sun haɗu, ana fara tunkuɗe mafi girma. Yaron da ya farfaɗo yana iya tuba, gawa kuwa sai salla. A toshe ƙofar, a kuma ceci wanda ya riga ya faɗa.

Dahiru Kemis: Allah shi gafarta Malam, sai dai kar a ɗauka sihiri ne. Tiramol na kawo jijjiga, naloxone ba ya tsayar da ita. Ba ruwansa da ƙwayar barci irin su roci ko giya. Sabuwar ƙwayar da BBC ta bankaɗo a Fabrairun 2025, ta kamfanin Aveo na Mumbai, haɗin tapentadol ne da carisoprodol, makarin na kama na farkon kaɗai. Kuma ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne, mutum na iya sake sumewa. Dole dai a garzaya asibiti.

Alhaji Bello: To a ajiye a asibiti, na yarda. Kemis kam ban yarda ba.

Murtala: Baba, daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa na UDUTH da tsakar dare fa? Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ce a bai wa waɗanda ke kusa da masu sha.

Alhaji Bello: Su ce, su ba a Mabera suke ba.

Anti Hadiza Nas: Kai Dahiru da ke ta zuba muna bayani, akwai shi a shagonka?

Dahiru Kemis: Babu, Anti. Na taɓa ajiye kwalabe kaɗan, ba wanda ya tambaya har kwanan watansu ya wuce na zubar. Gobe in buga wa dillalina na Kano in ji ko yana da shi, da nawa.