Wurin koyon ɗinki a zango: ingancin aiki da Hausar yara

Malam Sani, Aboabo, Kumasi a Ghana: Assalamu alaikum. Kwamitin unguwa na da wurin koyon ɗinki, yara ashirin da huɗu, keke takwas. Iyaye na kuka da abu biyu: yaro ya shekara biyu bai iya kafa wuyan kaftani ba, kuma Hausarsa sai raguwa take yi, Twi da Turanci sun danne ta. Waɗanda suka riƙe irin wannan wuri, ku taimaka mana da abin da kuka gani.

Hajiya Rabi, Asawase: Wa'alaikumus salam, Malam. Ciwon yana cikin lissafinka. Yara uku a keke ɗaya, na ukun ɗan aike ne, shi ke sayo wake da shinkafa, shi ke zuwa kasuwar Kejetia neman zare. Kada su wuce biyu, ko a raba su safe da yamma. Wata ukun farko ba a ba su yadin mutane. Su fara taka keke a kan takarda mai layi, babu zare, har ramukan allura su bi layin. Sai ɗinkin hannu, kalmasa, ramin maɓalli, sannan rigar matashi. Kowane yaro da katinsa, ana sa hannu da kwanan wata idan ya iya abu. In babu kati, mai baki ne ke ci gaba, mai kunya ya tsufa wajen guga.

Alhaji Bashiru, Alabar: Gaskiyar Hajiya. Zan ƙara da keke, don rabin mummunan ɗinki daga nan yake. Atamfa allura lamba 14, shadda mai tauri lamba 16, yadi mara nauyi lamba 11. Allurar keken gida HAx1 ce, gindinta da gefe ɗaya shafaffe. Ta babban keken lantarki irin Juki DBx1 ce, gindinta zagayayye. Yara na musanya su, ɗinki ya riƙa tsallake, su ce keke ya lalace. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, yawanci zaren sama ne ya saki ko ba a zura shi daidai ba, amma sai ka ga yaro ya kama kwance sukurun gidan bobin. A hana taɓa wannan sukuru sai malami na tsaye. A goge ƙurar yadi kullum kafin a tashi, a ɗiga mai, a gwada a kan ƙyalle kafin a sa farar shadda. Kuma kada ku sayar da kekunan ƙafa. Ranar dumsor, wato ɗaukewar wuta, su ne ke aiki.

Usman, Suame: Baba Alhaji, a ƙara da takardar shaida. An kafa NVTI, cibiyar koyar da sana'a ta gwamnati, a 1970, kuma gwajin ƙwarewa da ta riƙa yi aikin hannu ne da tambayar baki, don haka wanda bai yi nisa a boko ba ma yakan shiga. Tun 2020 hukumar gwamnati mai suna CTVET ce ke kula da rajista da ingancin wuraren koyon sana'a, ya kamata kwamiti ya nemi sharuɗɗansu. Abin da ke aiki a garejojin gyaran mota na Suame Magazine zai yi a ɗinki: masta ba ya auna yaransa da kansa. Duk wata shida a kira tela daga wata unguwa, ya ba da awo, ya juya rigar ciki waje, ya duba.

Malama Hadiza, Sabon Zango: Maganar Hausa ita ta fi damuna. Ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati, a Kumasi Twi yaranmu ke karantawa. Asabar da Lahadi kuma na makarantar Islamiyya ne, ajin al'ada na daban ba ya daɗewa. Shagon shi ne ajin. Malami ya ba da umarni da Hausa, a kira komai da sunansa: wuya, aljihu, shafi, linzami, 'yar ciki, zubin wando. A rataye tsohuwar babbar riga mai aikin hannu, a nuna musu aska biyu da aska takwas da tambari, su zana a takarda kafin su ɗauki allura. Daga rigar ake shiga tarihi: fataken da ke kawo tufa da fata su koma da goro, da yaƙin Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa Karaci (Kete-Krachi) da Kumasi da Ankara (Accra). Abu ɗaya nake roƙo. Yaran zango kan ce "ya zo" ga mace da namiji. Kada a yi musu dariya. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya Twi zai koma. A maimaita masa "ta zo" a cikin amsa, a wuce.

Alhaji Bashiru: Malama, na yarda, amma littafin awo a bar shi da Turanci. Mai gwaji da shi zai duba, masu kawo ɗinki kuma ba duka Hausawa ba ne.

Malama Hadiza: To Alhaji, shafi biyu: Turanci a hagu, Hausa a dama.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ka lura da kalanda. Daga tsakiyar azumi zuwa Sallah babu koyarwa, kowa ɗinkin mutane yake kora, a nan ake miƙa wa sabon yaro shaddar yadi goma ya ɓata. Sababbi su tsaya a guga da maɓalli. Ɗaukar sababbin yara da darasin aikin wuya a sa su bayan Babbar Sallah, lokacin da shago ya lafa.