Wai me za mu kira enkirifshon da Hausa?

Salam jama'a. Malaman Hausa da 'yan kwamfuta na Katsina da Daura ku ɗan matso, akwai kalmar da nake so mu tsaida ma suna. Abin nan da WhatsApp da Zoom ke ce ma end-to-end encryption, har yau ba mu da sunan da za ka faɗa ma dattijo ya gane ba tare da dogon turanci ba.

Kuma ba don ƙawa nake nema ba. Yanzu komai namu ya koma taron bidiyo, mitin ɗin dangi, haddar matan Islamiyya, har 'yan ƙungiyoyin ci gaban gari na Batsari da Jibiya da Safana da ke zaune cikin birni, a nan suke tattauna wace hanya ke biyuwa, wa za a kai ma gudummawa, yaushe za a tafi, maganar da in ta faɗa kunnen infoma rai ake magana. Sai dattijo ya tambaya "yaro, wani na jin mu?" a ce mashi "a'a Baba, akwai sikiyoriti." Wace irin sikiyoriti? Shi bai sani ba, mai ba shi amsar ma sau da yawa bai sani ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Muryarka da hotonka kafin su bar wayarka ana hargitsa su, su koma shirme, sai mai mabuɗi ke iya maida su daidai. Tambayar ita ce wa ke riƙe da mabuɗin. In yana kan saba ɗin kamfani, wato babbar kwamfutarsu da kiran ke bi ta ciki, to ɗan kutse na hanya ba ya ji amma kamfanin in ya so zai iya. In kuwa mabuɗin na cikin wayoyin waɗanda ke taron kaɗai, kamfanin ma shirme yake gani yana wucewa. Wannan na biyun shi muke nema ma suna.

Bambancin nan ne ya ja ma Zoom magana a 2020. Lokacin korona masu shiga taronsu a rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu, suna tallata cewa irin na biyun gare su, alhali na farkon ne. Masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto suka gano wasu mabuɗan ta saba na China suke fitowa. Hukumar FTC ta Amurka mai kare haƙƙin masu saye ta tuhume su da yaudarar masu amfani, suka sasanta a Nuwamban 2020, a 2021 kuma suka amince da biyan dala miliyan 85 kan ƙarar da jama'a suka kai. Sai Oktoban 2020 suka kawo na gaskiyar, shi ma sai mai taro ya kunna da kanshi. In Bature da yarenshi an iya rikita shi da kalma, mu da ba mu da kalmar fa?

Shawarwarin da na ji zuwa yanzu. Wani ɗan uwa ya ce "ɓoye saƙo". Yana da sauƙi amma bai kama ba, saƙon ba a ɓoye yake ba, ga shi nan yana bin hanya kowa na iya tsinta, karantuwa ce ba ya yi. Wata baiwar Allah daga Daura ta ce "sirrantawa", na ji daɗinta a kunne wallahi, sai dai ta yi faɗi, fasawod ma sirri ne, rufe kyamara ma sirri ne. "Rufa-rufa" kam a barta, ta riga ta zama ta marasa gaskiya.

Ni tawa ita ce ZAURANCE. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san yadda 'yan mata ke juya magana gaban manya, kana tsaye kana jin kowane harafi amma ba ka tsinci komai ba. Aikin ke nan. Ga ta kuma tana juyuwa a baki: a zaurantar da kira, kiran a zaurance yake, a warware zaurance. Don a raba iri biyun sai mu ce "zaurancen kamfani" da "zaurancen daga mu sai mu".

Wani malami, Allah ya ƙara mashi lafiya, ya ja ni da cewa zaurance wasan yara ne, kwana biyu kana saurare ka gane dokar, kada mutane su raina abin. Malam yana da hujja. Amma ina ga kalma na girma da aikin da aka ba ta, "yanar gizo" ma da farko ai ta gizo-gizo ce. Kuma ni rainin bai dame ni ba kamar yarda fiye da kima, don ko zaurancen ya kai ƙarfe, wanda ke cikin taron zai iya naɗar komai da wata wayar ya tura. A 2024 Rasha ta saki muryar hafsoshin sojan saman Jamus suna magana kan makamin Taurus ta Webex, wata manhajar taro irin Zoom, gwamnatinsu ta ce ɗaya ne ya shiga daga otal a Singapo ta layin da ba tsaro.

Sauran ƙananan kalmomin ba sa buƙatar gardama. Ɗakin jiran da ake tsaida mutum kafin a shigo da shi, zaure ne, Kanawa su ce soro abinsu. Masu faɗowa taro su watsa batsa da zagi, abin da FBI ta yi gargaɗi a kai a Maris 2020, kada mu ce masu 'yan kutse don yawanci ba abin da suka fasa, link suka tsinta a Facebook ko guruf. 'Yan gayyar soɗi ne, in an ga ta yi masu laushi a ce maɓata taro.

To ga gwaji. Kowa ya samu babba a gidansu ya ce "Baba, wannan kiran zaurancen daga mu sai mu ne, kamfanin ma ba ya ji, amma a kula da wanda aka bari ya wuce zaure." Ku dawo ku faɗa mana ya gane ko sai da kuka ƙara bayani. Masu koyar da Hausa a jami'ar Umaru Musa Yar'adua da masu fassarar labarai a rediyo, in akwai wadda kuka riga kuka tsaida ku kawo ta mu auna su tare.